Kakata ba ta taɓa zama a tabarmar babban gida ba: zare kan bauta da asali a kudancin Jigawa

1/ Jama'a, zaren yau mai tsawo ne, kuma magana ce da ba a yin ta a gidanmu. Makon jiya 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida, wai kowa ya rubuto tarihin asalin gidansu. Ta miƙo min biro ta ce "Abba, mu su waye?" Na ce ta bari sai gobe. Yau kwana 6 ke nan goben ba ta yi ba. 🧵

2/ An haife ni a Unguwar Ya, ƙaramar hukumar Birnin Kudu, amma a Kano na tashi. Abin da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya faɗa mana shi ne mu Barebari ne, kakanninmu fatake ne daga Gabas. Haka na yi ta faɗa wa mutane har na tara gemu. Ashe ba haka ba ne.

3/ Duk hutu akan kai mu ƙauye wajen kakarmu ta wajen uba, Iya muke ce mata. Akwai wani gida da take kira "babban gida". In ana suna ko biki a can, tun asuba take tafiya, ita ce a kan tukunyar tuwo har dare. In an gama, mata sun baje a tabarma, ita sai ta tsuguna a bakin ƙofa.

4/ Ba wanda ya hana ta zama fa. Da kunnena na ji ana cewa "Iya, matso mana ki zauna." Sai ta yi dariya ta ce nan ma ya isa. Yarinyar gidan da ba ta wuce sa'ar jikarta ba, "uwar ɗakina" take ce mata. Ni a lokacin na ɗauka tsabar kirki ne irin na mutanen da.

5/ Kafin in faɗi abin da na gano, sai mun koma baya, don ba za a gane tsugunon Iya ba sai an san irin ƙasar da aka haife ta. Jigawa dai sai 27 ga Agusta 1991 aka yi ta. Kafin nan Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano ce, kuma a ƙarni na 19 su ne bakin iyakar masarautar ta kudu maso gabas. Daga nan sai duwatsun Ningi da Warji.

6/ Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa shi da jama'arsa bayan saɓani da hukumar Kano kan haraji. Suka shige cikin duwatsun nan, suka haɗa kai da mutanen da suka tarar: Butawa, Warjawa, Fa'awa da sauransu. Daga nan Ningi ta zama ƙarfin da ya hana Kano da Bauchi barci sama da shekara 50, tun zamanin Ɗan Maje har Ɗan Yaya, har zuwan Turawa a 1902.

7/ Mu a nan ɓangaren labari ɗaya aka ba mu: Ningawa sun zo, sun ƙone gari, sun kwashi mutane. Gaskiya ne, an yi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga nan ma ana hawa a je can a kamo. Hari ne ta kowane gefe, kuma mata da yara su ne ganimar da ta fi sauƙin kamu, a gona ko a bakin rafi.

8/ Ina ake kai su? Wasu kasuwa, wasu gidan sarauta, mafi yawa rinji da gandu su yi noma. Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin ƙasar Kano sun kai yawan 'ya'ya. Lovejoy da Hogendorn kuma sun ce wajen 1900 bayin Daular Sakkwato gaba ɗaya tsakanin miliyan 1 ne da miliyan 2 da rabi.

9/ Ku ɗan tsaya a kan adadin nan. Mutanen nan ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, sun hayayyafa. To ina jikokinsu? Ka shiga kowane zaure ka tambayi asali, daga mai cewa Fulani sai Barebari sai Sharifai sai "malamai ne daga Gabas." Ban taɓa zama inda wani ya ce "mu daga rinji muke" ba. Ko sau ɗaya.

10/ Da Turawa suka zo, Lugga ya yi dokar 1901: an hana saye da sayar da mutum, kuma duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Amma wanda yake hannu ba a ce ya tashi ya tafi ba. Sai dai ya yi murgu, ya tara kuɗi ya fanshi kansa a gaban alƙali. Turawan ba sa son noma ya tsaya, ba sa kuma son ɓata wa sarakuna. Sai 1936 aka soke bautar baki ɗaya.

11/ To Iya wajen 1920 aka haife ta. A takarda ba ta yi bauta ko ta kwana ɗaya ba. Mahaifiyarta ce aka kamo tana yarinya daga wajen Warji, 'yan shekaru kafin Turawa su ci Kano a 1903. Mijin Iya, kakana, shi ma a gandun gidan nan aka haife shi. Bacucane ke nan, wanda aka haifa cikin bauta a gida.

12/ Yadda na sani? A 2007 na nemi wata yarinya a Kano. Komai ya yi nisa, sai baffanninta suka ce za su yi bincike. Bayan mako 3 aka aiko cewa a yi haƙuri, an riga an yi mata miji a dangi. Wani abokina ne daga baya ya ce min, "Kai, ba wani miji. Sun je garinku, an ce musu ku bayin gidan wane ne."

13/ Da dare na sami Baba a ɗakinsa na faɗa masa abin da na ji. Ina jira ya fusata ya ce ƙarya ne. Ya daɗe yana kallon carbinsa, sannan ya ce, "Wa ya gaya maka?" Shi ke nan. Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Sauran labarin a bakin Goggo, yayarsa, na ji, ita ma sai da na yi mata zarya.

14/ Tun daga nan na shiga karanta duk abin da na samu kan lamarin. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 yadda Hausawa ke jera mutane: sarakai a sama, malamai da attajirai na biye, sai manoma da masu sana'a, a can ƙasa kuma maroƙa, mahauta da barori. Ya kawo kalmomi biyu: karda, mai sana'ar gado, da shigege, wanda ya shigo ta daga baya.

15/ Abin lura a nan, ba dukiya ake aunawa ba. Mahauci zai iya fin malami kuɗi nesa ba kusa ba, amma ranar neman aure sai a tuna masa. Bawa kuwa matsalarsa ta wuce sana'a. Shi an yanke shi daga danginsa ne, an sa masa sabon suna, ba shi da kakan da zai ambata. Abin da ake nufi da "mara asali" ke nan. Ba wai ba shi da iyaye ba, raba shi aka yi da su, sannan aka mai da rabuwar abin gori.

16/ Kada a ɗauka duk bayi talakawa ne. A fadar Kano Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, kuma hakimi ɗan sarauta kan bi ta hannunsu kafin ya ga sarki. Cucanawan fada har tsagarsu gare su, uku-uku a gefen baki, suna kuma alfahari da ita. Ɗan ƙwarƙwara kuwa ɗa ne, yana iya hawa gadon ubansa, an kuma sha yi. Amma wannan na birni ne. Baiwar ƙauye mai daka da surfe ba ta ga wannan gatan ba.

17/ Tambayar da ta fi cin raina ita ce: mutum in ya tashi ya tarar an ajiye gidansu a ƙasa, yaya yake ganin kansa in ya kwanta shi kaɗai? A nan wani bature ya taimaka min, Henri Tajfel. Bayahuden Folan ne, ya shiga sojan Faransa, Jamusawa suka kama shi a 1940. Ya shekara 5 a tsare ana ɗaukarsa Bafaranshe. Da ya fito ya tarar an kashe kusan duk danginsa.

18/ Ka ga mutumin da ya san ɓoye asali ba a littafi ba. A 1979 shi da John Turner suka ce wani sashe na ƙimar da mutum ke ba kansa daga jama'ar da ake jingina shi da ita yake fitowa. In jama'ar a raine take, ko dai ya sulale ya bar ta, ko ya sauya ma'aunin da ake auna ta, ko su haɗu su yi ja-in-ja da na sama. Da na karanta sai na ga ai gidanmu ake faɗa.

19/ Baba shi ne mai sulalewa. Ya bar ƙauye a shekarun 1970, ya sami aiki a wata masana'anta a Bompai, ya zama Babarbare. Kuma ba shi ya fara ba, hanya ce tsohuwa a ƙasar Hausa: ka yi nisa da inda aka san ka, ka yi karatu ko kasuwanci, a yi haihuwa biyu, shi ke nan an manta.

20/ Wani lokacin ma jama'a guda ce ke haye wa tare. Lovejoy ya rubuta cewa Agalawa da Tokarawa asalinsu Buzaye ne da ke ƙarƙashin Abzinawa, suka gangaro ƙasar Katsina da Kano, suka kama fataucin goro zuwa Gwanja. Alhassan Ɗantata Ba'agale ne, kuma da ya rasu a 1955 shi ake kira mai kuɗin Afirka ta Yamma. Yau in an ce Agalawa, kasuwanci ne ke zuwa ran mutum, ba wani abu ba.

21/ Amma su sun haye da sunansu a bayyane. Baba shi kaɗai ya haye, da sunan aro. Yanzu nake fassara abubuwan da na gani ina yaro. Ya yi karatu sosai, amma ko liman bai zo ba, ba ya yarda ya ja salla. An so ba shi shugabancin kwamitin masallacin unguwa sau 2, ya ƙi. In baƙo daga wajen Birnin Kudu ya sauka a layinmu, Baba ba ya fita zaure sai ya tafi.

22/ Kullum cikin wanki da guga, ba ya cin bashi, ba ya ɗaga murya, ba ya bari mu yi faɗa da yaran maƙwabta ko mu ke da gaskiya. Mutane suna cewa dattijo ne, kuma dattijon ne wallahi. Sai dai yanzu na san akwai tsoro a ciki: kada a yi rigimar da za ta sa wani ya tono. Shekara 40 yana gadin magana ɗaya.

23/ Iya fa? Nan ne na yi kuskure da farko. Na ɗauka matar da ke tsugunawa a bakin ƙofa ta raina kanta ne ƙarshen raini. Da na tuna hirarta sai na ga ba haka ba. In mun dawo daga babban gida takan ce, "Ka gan su nan, ko tuwon mutum 10 ba za su iya tuƙawa ba. Ranar da na mutu sai dai su ci gaya."

24/ Daddawarta har daga Gwaram ake aikowa a saya. Matan garin wajenta suke ajiyar kuɗin adashi, har da na babban gidan, don ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai a hannunta ba. Ta bar musu tabarma, ta riƙe amana da aikin hannu, kuma a wannan ma'aunin ta san ba mai kamo ta.

25/ Masana ma sun ga irin haka. A 1989 Jennifer Crocker da Brenda Major suka duba binciken da aka tara a Amurka, suka ga ba dole ba ne 'yan rukunin da ake ƙyama su fi kowa raina kansu. Baƙaƙen fata a can ba su gaza farare wajen ganin ƙimar kansu ba. Dalili: mutum kan gwada kansa da nasa, ya ɗora laifin wulaƙanci a kan mai yinsa, ya kuma fifita fagen da ya fi ƙarfi.

26/ Don haka in ka tambaye ni wa abin ya fi ci tsakanin uwar da ɗan, zan ce ɗan. Ita kowa ya san ta, ba abin da za a tona. Tana da ƙawaye irinta da suke zama su yi dariyar iyayen gidansu. Shi kuwa ba shi da ko mutum ɗaya da zai yi wannan dariyar da shi, har matarsa.

27/ Amma kada in mai da Iya waliyyiya. Wajen 1995 wani saurayi ɗan mahauta ya zo neman 'yar Goggo. Yaro mai hankali, yana da rumfarsa, yana da babur. Iya ta ce sai dai bayan ranta. "Mu rasa wanda za mu ba wa sai mahauci?" Auren bai yiwu ba. Matar da ba ta zama a tabarmar wasu, ita ma ta sami wanda za ta hana tata.

28/ Wannan ya fi komai ba ni haushi a tarihin nan, kuma ba ita kaɗai ba ce. Wanda aka danne ba kasafai yake cewa a rushe tsanin ba, yakan leƙa ne ya ga ko akwai wani a ƙasansa. Manomi ya raina jikan bawa, jikan bawa ya raina mahauci, mahauci ya raina maroƙi, dukkansu kuma su haɗu su ce wa Bamaguje da Bawarje arna.

29/ Masu ja-in-ja kuwa mun gan su a siyasa. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma babban abin da su Malam Aminu Kano suka yi shi ne ɗaukar kalmar "talaka", wadda ake faɗa da ƙasƙanci, suka mai da ita abin bugun ƙirji. A 1979 PRP ta ci jihar Kano, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A zaɓen ne Sule Lamido, ɗan Bamaina nan kusa da mu, ya tafi majalisar wakilai.

30/ Ko Shata ma ai misali ne. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba don ana ganin roƙo ne, ba gadonsu ba. Shigege ke nan. Bai ɓoye kalangu ba, ya yi ta bugawa har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

31/ Sai dai a ganina akwai inda guguwar nan ba ta kai ba. "Ni talaka ne" ta zama abin faɗa a kan mumbari. "Ni maroƙi ne" ma ta sami masu faɗa. "Ni jikan baiwa ne" har yau ba ta sami mai ɗaga ta ba a wajenmu. An yi faɗa tsakanin talaka da basarake, amma ɗa da bawa da ke cikin talakawan aka bar shi a rufe.

32/ A Nijar sun fi mu fito da maganar fili. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take wannan aiki, a 2003 aka mai da bautarwa laifi a dokar ƙasar, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta ba Hadijatu Mani gaskiya a kan gwamnati, matar da aka sayar tana shekara 12. Can abin bai gama mutuwa ba, shi ya sa ake shari'a. Mu nan ya mutu a doka, ya koma zauren neman aure.

33/ Kuma don Allah kada wani ya shigo min da cewa addini ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka fi dubawa a dacewar ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibun da ke hana zaman aure, ba nasaba ko sana'a ba. Mutanen da suka mayar da ni a 2007 sun san tarihin Bilal sarai, ƙila ma akwai mai sunansa a gidan.

34/ Na san wasu za su ce me ya kawo tone-tone, abu ya wuce. Ni ma haka na so. Amma abin da ya wuce ba ya sa a tura mutum tun daga Kano har Unguwar Ya ya tambayo waye kakan wane. Ban kuma kawo wannan don a zagi babban gida ba. Jikokinsu abokaina ne, wasunsu ba su ma san tarihin ba, kuma su suka ɗauki gawar Iya a 1999 suna kuka.

35/ Saura abu ɗaya. Iya in tana ƙirga daddawa ba da Hausa take yi ba. Wasu kalmomi take gunguni, in ta kai goma ta ware gefe ta sake. Mun ɗauka wasa ne irin na tsofaffi, har muna kwaikwayonta muna dariya. In Baba yana kusa sai ya daka mana tsawa. Goggo ta ce iyakar abin da mahaifiyar Iya ta bar mata ke nan daga yarensu. Ko sunanta na yanka ba wanda ya riƙe.

36/ Bara wani aiki ya kai ni Katangar Warji, ranar kasuwa. Ina tsaye ina jiran direba, sai na ji wata tsohuwa a bayana tana ƙirga wa mai saye ƙullin kuka. Ban san sanda na juya ba. Na ɗaya, na biyu, na uku, duk na san su. Na huɗun ma kafin ta faɗa bakina ya riga ta.

37/ Ta ɗago ta dube ni, ta yi min magana da yaren. Na ce mata da Hausa ba na ji. Ta ce, "To ina ka samo ƙirga?" Na ce wajen kakata. Ta ce, "'Yar wane gari ce? Gidan wa?" Na ce ban sani ba, Baba. Ta ɗauki ƙulli ɗaya ta ɗora min a hannu ta ce in kai wa yara, ta ƙi karɓar kuɗi.

38/ Takardar 'yata tana nan a kan tebur, jibi za a karɓa. Mahaifiyarta ta ce in rubuta Barebari kawai a wuce wurin, yarinya mace ce, wata rana ita ma za a zo bincike. Ban ce mata ba ta da hujja ba. Daren jiya dai na zaunar da yarinyar na koya mata ƙirgan, daga ɗaya zuwa bakwai. Sauran ukun sun ɓace min, sai na kira Goggo da safe in ji ko ta riƙe.